Zomayen da Ba Sa Gudu

Tun kafin maigidana ya fara maganar farauta ina da abin da ke hana ni sakewa. Mu baƙi ne a Makka, ko da yake shi a nan aka haife shi, a nan aka binne uwarsa da ubansa. Iƙama ce ke riƙe da mu, wannan ɗan katin zama da ake sabuntawa ta hannun kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya wa mutum. Laifi ɗaya ya isa a ce tarhil, a kwashe mutum a kai shi ƙasar da aka rubuta masa a fasfo. Ƙasar da aka rubuta wa maigidana kuwa bai taɓa taka ta ba, ko sunan unguwa ɗaya bai sani ba a cikinta. Ni a Sudan na taso, aure ne ya kawo ni. Ina da yarinya da ta fara gudu a tsakar ɗaki, da namiji a goye. Duk safiya in zai fita sai na taɓa aljihun gaban jallabiyarsa na ji katin yana ciki. Dariya yake yi mini, ya ce na fi 'yan sanda bincike.

Aikinsa tuƙi ne, yana jigilar alhazai daga unguwar Aziziyya. In lokacin Hajji ya zo ba ma ganinsa sai ya rame. In alhazai suka watse kuma sai zama ya yi masa yawa, ya kwanta a kan kafet da waya a hannu. A irin wannan zaman ne ya faɗa kallon waɗansu mutane suna bin barewa a cikin duwatsu, suna rarrafe, suna magana ƙasa-ƙasa. Sai ya tuna an taɓa gaya masa kakansa maharbi ne a ƙasar Damagaram. Shi ke nan. Mutumin da ko kaza za a yanka sai ya kai wa mahauci, ya wayi gari yana cewa abin a jininsa yake.

Ban hana shi ba. Na ga yadda idonsa ke haske in yana maganar, kuma namiji da ya yi shekaru yana zagaya titi ɗaya da mota ba laifi ba ne ya so ya taka ƙasa. Abin da na ce masa kawai shi ne ya nemi wanda ya iya ya koya masa, kada ya ɗauki darasi a waya.

Ya yi ta tambaya. Wani abokin aikinsa ɗan ƙasa ya ce kawunsa na fita da shaho, amma irin wannan fitar ba ta direban alhazai ba ce. Wani ya ce ya san wani tsoho, aka bincika aka tarar ya rasu tun bara. Daga ƙarshe a wurin mai shayi a unguwar Mansur aka nuna masa wani mutum. Duk masu zaman bencin sun shaida masa, wai ba wanda ya san duwatsun nan kamarsa. Na san masu zaman bencin nan. Ba wanda ya taɓa wuce inda kwalta ta ƙare a cikinsu, amma ka kawo kowace magana, ko ta jirgin sama ce, za su yanke maka hukunci kafin shayi ya huce.

Maigida ya gayyato shi cin abincin rana. Mu'allim yake kiransa, yadda ake kiran babban gwani a sana'a a nan.

Kafin in gan shi na ji shi. Yana kan matakala tukuna ƙanshin turaren udu ya riga shi shigowa, irin mai nauyin nan da ke kama labule ya kwana. Na leƙa ta tsagar ƙofar kicin. Falmaran ce a jikinsa mai zanen ganye-ganye irin ta soja, aljihu ta ko'ina, a kan farar jallabiya da aka goge har tana tsayuwa da kanta. Ga madubin hangen nesa rataye a wuya, a cikin gari, a hawa na uku. Ya cire takalma a bakin ƙofa, manya masu igiya. Da na fito ɗaukar tire na duba ƙasansu. Ko ƙaya ɗaya ba ta taɓa shiga ba, har ɗan farin tambarin shago yana nan a manne.

Babana ya yi farauta a can gida, ba don sha'awa ba, don tukunya. Ina ƙarama amma ina tunawa. Rigarsa ta daji a waje take kwana, rataye a inda hayaƙin murhu ke bi, kuma ranar da innata ta wanke ta da sabulu mai ƙanshi sai da ya yi kwana biyu bai yi mata magana ba. Ya ce naman daji da hanci yake gani. Ƙafafunsa duk faso ne da tabon ƙaya. In ya dawo ba ya ba da labari, sai ya ajiye abin da ya samo, ko ya ajiye hannu wofi, ya nemi ruwa.

Wannan kuwa labari ne sana'arsa. Ya ci tuwo malmala uku yana ba da labarin barewar da ya bi daga safe har la'asar a duwatsun Ɗa'ifa, har ya kusa taɓa wutsiyarta. Ya ƙara miya, barewar ta zama biyu. Da aka kai ga shayi ta haifi ɗa.

"Uwargida," ya ɗaga murya don in ji daga kicin, "ki shirya babbar tukunya. Kafin Hajji mai zuwa mijinki zai cika miki firji da naman barewa."

"Allah ya sa, Malam," na ce. "Ko na zomo muka samu mun gode."

Ya yi dariya har falmaran tana rawa. "Ji ta! Zomo ai na yara ne."

Da ya tafi na buɗe tagogi duka. Na ce wa maigida, "Baban yara, wannan mutumin in ya shiga daji, barewar da ke Yaman ma za ta ji ƙanshinsa."

"Ke dai ba kya rasa abin faɗa. A gari ne ya shafa."

"Takalmansa ma a gari suke zaune."

Darasi ya fara a saman benenmu, tsakanin tankunan ruwa da farantan dish. In na hau shanya sai in tarar da su. Mu'allim yana zaune a kan bokitin fenti da aka kife, a inuwa, kofin shayina a hannunsa. Maigidana, uban 'ya'ya biyu, yana tafiya a kan yatsun ƙafa, ya duƙa, yana bin kyanwar maƙwabta. Kyanwar tana kallonsa, ta yi hamma, ta koma barci. Mu'allim ya ce, "Mumtaz, madalla! Ka ga ba ta ji ka ba." Ya koya masa lasar yatsa a ɗaga sama don a gane inda iska ke kaɗawa. Ya sa ya kwashe mini tokar kaskon turare ya zuba a tsohuwar safa, wai in an girgiza za a ga inda toka ta nufa. Wannan kam gaskiya ne, babana ma yana yi da ƙasa. Sai dai tokar ma ƙanshin turaren bakur take yi.

Bayan 'yan makonni suka fara fita bayan gari, ranar Asabar da la'asar, a motar maigida, da man maigida. Ba bindiga tukuna, kallo kawai da matsowa. Ranar farko maigida ya dawo jikinsa duk ƙura, yana ta murna kamar yaron da aka saya wa keke.

"Wallahi mutumin nan ya iya! Zomo fa, ga shi ga ni, kamar daga nan zuwa ƙofar banɗaki. Ya tsaya yana kallona yana tauna."

"Bai gudu ba?"

"Ina! Ga agwada kuma a kan duwatsu, waɗannan da Larabawa ke ce wa wabar, sun baje suna shan rana. Hannu kawai zan miƙa."

Na ci gaba da jujjuya miya. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, amma na san zomo. Zomon da babana ke kawowa sai an sha wuya da kare. Ban taɓa jin zomon da ke tsayawa ya kalli mutum mai warin man mota da tokar bakur ba. Sati na biyu haka, na uku haka. Kullum dabbobin suna jiransu kamar an yi alkawari.

Na tambaye shi, "Wurin da nisa?"

"Ba nisa. Bayan sababbin gine-ginen nan, sai a sauka daga kwalta a bi turba."

"Kuna wuce alamar Harami?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ya san hanyar gidansu. "Ni za ki koya wa iyakar Harami? Kullum fa ina wuce allunan nan da alhazai."

"A kan titi. Na ce a turbar."

"Mu'allim ya san wurin. Shekara nawa yana zuwa."

Duk wanda ya zauna a Makka ya san wannan, yaro da babba. Abin da ke cikin iyakar Harami ba a farautarsa, ba a ma firgita shi, ba a sare itacensa. Shi ya sa tattabarun gari ke tafiya tsakanin ƙafafun mutane ba ruwansu. Maigidana ya san haka sarai, amma a kansa iyakar allo ce babba a gefen titi, mai rubutu, inda ake rage gudu. Ni kuwa da muka je Tan'im ɗaukar haramar umra da wata tsohuwa maƙwabciyarmu, ina zaune a bayan mota ba abin yi sai kallo, na ga waɗansu fararen ginshiƙai sun hau kan dutse a jere, ɗaya can, ɗaya can gaba, har suka ɓace. Na tambaye ta, ta ce ai iyakar ce, ba a titi ta tsaya ba, haka ta zagaye garin ta kan duwatsu da kwaruruka. Direba idonsa na kan hanya. Mai zama a baya ita ke ganin dutse.

Rannan maigida ya shigo ya ce Mu'allim ya yarda, Asabar mai zuwa zai yi harbin farko. Mu'allim zai kawo bindigarsa ta iska.

 Bindiga a hannun baƙo, ba takardar izini, a wurin da ban san ko wane gefen iyaka yake ba. Zunubin daban, kamun daban. Na ga kaina a filin jirgi da yara biyu da buhunan kaya, za a kai mu inda ba mu da ko tabarma.

Ban yi gardama ba, don na san in na ce kada ya je, zai je ne ya ƙi gaya mini. Na ce yara sun gaji da zaman ɗaki, a tafi da mu mu sha iska, zan soya sambusa in cika fulas da shayi. Ya kira Mu'allim ya tambaya. Ina jin muryar ta waya: "Sambusa? Ahlan, ahlan! Ta zo ta ga aikin maza."

Muka ɗauki Mu'allim a unguwar Rusaifa. Ya fito da wani abu dogo a naɗe cikin dardumar salla, ya tura a but. Dardumar salla! Ya shiga gaba, turaren ya cika motar har jaririna ya yi atishawa. Duk hanya idona na waje. Muka wuce gine-ginen da ba a gama ba, muka sauka daga kwalta, mota tana tsalle a kan tsakuwa. Na duba dama, na duba hagu. Ban ga mun wuce allo ba, ban ga mun wuce ginshiƙi ba.

Muka tsaya a wani kwari mai 'yan itatuwan ƙaya. Na shimfiɗa tabarma a gefen mota, na zaunar da yarinya, na ba ta sambusa. Mu'allim ya ɗauki uku a hannu ɗaya, ya warware darduma, ya miƙa wa maigida bindiga, ya nuna masa wani gindin dutse. Shi kuma ya nemi wuri mai laushi ya zauna, ya ɗaga waya zai ɗauki hoto.

Na miƙe na sa hannu na kare rana. Ban daɗe ina nema ba. Can gabanmu, a kan doron dutsen da ya tare kwarin, ga ginshiƙan nan farare a jere, ɗaya, sai wani can, sai wani. Suna gabanmu. Gari yana bayanmu, ba komai tsakaninmu da shi. Ba mu fita ba. A cikin Harami muke tsundum.

Maigidana ya riga ya yi nisa kaɗan, yana rarrafe da gwiwa, jallabiya a naɗe a ƙugu. Ga zomon kuwa a gindin wata ciyawa, kunnuwa a tsaye, yana tauna abinsa.

Ihu ya zo mini har maƙogwaro na haɗiye shi. In na yi ihu na firgita zomon, ni ma na taɓa abin da aka hana. Kuma mutum da yatsa a kan kunamar bindiga ba a razana shi. Na gyara goyo, na ce wa yarinya ta zauna kada ta motsa, na cire takalmina na bi bayansa a hankali, tsakuwa tana cin tafin ƙafata. Ashe ni ce zan yi sanɗar gaske a wannan rana. Ya ɗaga bindiga ya kai kafaɗa. Na dafa bayansa.

"Baban yara," na ce ƙasa-ƙasa, "sauke. Ɗaga kanka ka dubi saman dutsen can."

"Ke, mene ne haka? Za ki kore shi!"

"Dubi dai."

Ya duba. Na ga idonsa ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya waiwaya ya dubi inda gari yake. Bakin bindigar ya yi ƙasa da kansa. Ya ce, "Inna lillahi," sau ɗaya, muryarsa kamar ba tasa ba.

Mu'allim ya taso yana karkaɗe ɓurɓushin sambusa daga falmaran. "Haba uwargida! Kin ɓata mana hoto. Wa ya ce mata su shigo fili?"

Maigida ya nuna masa dutsen. "Mu'allim, waɗancan fa?"

Ko kallon wurin bai yi ba, alamar ya san da su. "Yo, wannan ne? Ai gefe-gefe ne nan, kusan waje ne. Zomo ne fa, ba raƙumi ba."

"Malam," na ce, "a ciki muke ko a waje?"

"Ke ba za ki gane ba. Mai koyo a nan ake fara masa. Na waje ba sa tsayawa, kafin ka ɗaga hannu sun ɓace. Duk ɗalibaina nan nake kawo su."

Wato gwanintar ke nan gaba ɗaya. Ya samo wurin da dabbobi suka saba ba mai taɓa su saboda alfarmar Ɗakin Allah, yana kawo mutane yana nuna musu wai shi ya iya sanɗa. Amanar da aka ba zomo ita ya mayar jarinsa, ita yake ci da tuwo a gidajen mutane.

Ban kai ga ba shi amsa ba muka ji ƙarar mota. Wata farar a-kori-kura ta ɓullo daga bakin kwarin tana tahowa a hankali ta turbar da muka biyo.  Bindiga tana hannun maigidana, katin yana aljihunsa, yarinyata tana kan tabarma tana ɗaga wa motar hannu.

Na waiwaya in ga abin da Mu'allim zai yi. Ya riga ya yi. Ya ja baya, ya ja baya, ya juya mana ƙeya, ya cire falmaran ya dunƙule ta a hammata. Ya tsaya can shi kaɗai cikin farar jallabiya, ya fito da carbi, yana kallon duwatsu yana gyaɗa kai kamar mai tunanin ikon Allah. Wanda ya gan shi zai rantse bai taɓa ganinmu ba.

Motar ta iso. Wani makiyayi ne da dauri-daurin ciyawa a baya. Ya rage gudu, ya dube mu, ya dubi abin da ke hannun maigida, ya dubi saman dutsen. Ya ɗaga hannu ya yi sallama, bai ƙara komai ba, ya wuce. Na fi son da zagi ya yi.

Da ƙurar ta kwanta Mu'allim ya dawo yana mayar da falmaran. "Ka gani? Mafi mushkila, ba matsala. Na san shi ma, mutumina ne."

Maigida ya wuce shi. Ya je ya ajiye bindigar a but, tsirararta. Dardumar kuwa ya karkaɗe ta, ya ninke, ya ɗora a kan kujera. Zomon yana nan inda yake. Sai da muka tayar da mota ya yi ɗan tsalle biyu ya shige bayan dutse.

A hanya Mu'allim ya yi ta magana shi kaɗai, yana cewa malamai ma sun yi saɓani, yana cewa mata su ke kashe wa maza zuciya.  Da muka iso Rusaifa maigida ya buɗe but ya ce ya ɗauki kayansa. Mu'allim ya tsaya yana waige-waige, don yanzu shi zai ratsa layi da bindigar, ya cusa ta a cikin jallabiya yana tafiya kamar mai ciwon baya. Bai manta da ledar sauran sambusa ba.

Washegari maigida ya je wurin limamin masallacin unguwa ya faɗa masa komai. Liman ya ce tunda bai harba ba ya gode wa Allah, ya yi istigfari kan bin dabbobin da ya yi ta yi, kada ya koma. Ni ma na sa ya tambayar mini ko tafiyar da na yi ta firgita zomon. Aka ce ba komai a kaina. Duk da haka na yi nawa istigfarin.

Mu'allim yana nan. In na bi ta Mansur sayen kuka da daddawa ina hango falmaran ɗin a kan benci, da wani sabon saurayi a gefensa ya buɗe baki yana saurare. Na gaya wa matan da na sani su gaya wa mazansu. Waɗansu sun ji, waɗansu sun ce sharri ne irin na mata.

Maigidana bai daina so ba. Ya daina maganar, amma in na hau shanya ina tarar da shi a saman bene yana kallon duwatsu. Safar tokar tana nan a cikin motarsa, na gan ta. Ba na so in zama wadda ta raba shi da abin, kuma ba na so in sake tsayawa ba takalmi a kan tsakuwa ina jiran in ga wace mota ce ke tahowa.

Don haka ina roƙon wanda ya karanta wannan. In kun san wani dattijo da ya iya da gaske, mai takardar izini, wanda ya san lokacin da hukuma ta yarda a fita da abin da ta yarda a harba, wanda zai wuce fararen ginshiƙan nan da nisa kafin ya kashe mota, kuma wanda zai iya gaya wa maigidana gaskiya ko da gaskiyar ita ce baƙo irinsa kallo kawai zai yi, don Allah ku gaya wa matan da ke sayar da fura a Mansur. Ku ce saƙon matar direba ne, zai iso ni. Kafin ku aiko shi, ku duba mini ƙasan takalminsa.